Allura ko Tiyata? Tambayoyi Kan Gyaran Fuskar da Ta Fara Tamoji

Bidiyon gyaran fuska da ake turawa ta WhatsApp sun iso har ƙauyukan Gaya da Ringim, mata suna ta tambaya ko allura na iya yin aikin tiyata.

Shin allura tana ɗage kumatun da suka zube?

Ba ta ɗagewa. Allurar Botox tana sanyaya naman da ke tattare goshi da gefen ido, sai tamojin ya kwanta. Takan fara aiki bayan kwana 3 zuwa 5, ta zauna sosai a mako 2, ta ɓace bayan wata 3 zuwa 4. Ita kuwa allurar cike fata, wadda ake kira fila, ruwa ce mai kauri da ake cike ramin kunci da ita, tana kai wata 6 zuwa 18. Idan fatar haɓa da wuya ta riga ta saki, babu allurar da za ta mayar da ita.

To yaya ake tiyatar?

Likita yana yanka ta gaban kunne ya zagaya bayansa, ya ja shimfiɗar naman da ke ƙarƙashin fata ya ɗinke ta sama, sannan ya yanke rarar fatar. Kumburi da kwanciyar jini suna ɗaukar mako 2 zuwa 3, amfanin kuma yakan kai kimanin shekara 10. Matsalar da aka fi samu ita ce taruwar jini a ƙarƙashin fata, musamman ga mai hawan jini. Shan taba kuma yana hana wurin warkewa.

Baƙar fata tana da wata matsala ta daban?

Ƙwarai kuwa, kuma nan ne ya kamata a nutsu. Idan hujin kunnenki ko tsohon ciwo ya taɓa yin tabo mai tudu, ɗinkin tiyata ma zai iya yin haka, don haka ki faɗa wa likita tun farko. Na'urar leza mai gyara fata da haske, da sinadaran saɓe fata, idan aka yi musu ƙarfi, suna barin baƙin tabo mai daɗewa. Wadda ta jima tana shafa man bilicin kuwa fatarta ta riga ta yi siriri, ɗinki ba ya kamawa da kyau a jikinta.

Mai kemis ko mai gyaran amare za su iya yi min allurar?

Kada ki yarda, ko da kyauta ne. Idan fila ta shiga jijiyar jini, fatar wurin tana iya mutuwa, wani lokaci har ido ya makance. Likitan da ya san aikin yana ajiye maganin narkar da ita a kusa da shi. Ki nemi likitan fata ko na tiyatar gyaran jiki mai rajista, irin waɗanda ake samu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ki kuma duba lambar NAFDAC a jikin kwalbar.

Idan babu kuɗin ko ɗaya fa?

Rana ce ke tsufar da fuska da wuri. Ki sa malafa idan za ki gona ko kasuwa, ki shafa man kariyar rana da aka rubuta SPF 30 a jikinsa, man kaɗanya kuma lokacin hunturu. Man tiretinoyin yana rage ƙananan tamoji bayan wata 3 zuwa 6, amma sai da izinin likita, kuma mai ciki ba ta shafa shi.