Waiwaye: Yadda makomar ɗalibin jami'a ta koma lamba ɗaya

Duk ranar da majalisar malaman jami'a ta amince da sakamakon zangon karatu, sai ka ga cincirindo a gaban allon sanarwa. Ɗalibi ya ɗora yatsa a kan lambar rajistarsa, ya bi layin, ya tsallake kwasa-kwasan da ya kwana yana bita, bai tsaya ba sai a kan 'yar lambar ƙarshe: CGPA, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasan da ya yi tun shigarsa jami'a. Ita za ta ce ya wuce, ko an ja masa kunne, ko an sallame shi. Yanzu da sakamakon ya koma shafin intanet ma, can ido yake fara sauka.

Igiya biyu aka tufka a cikin lambar nan, makin da ɗalibi ya ci da kuma nauyin kwas ɗin, wato yunit. Kowacce da tarihinta, kuma ta biyun ba a ɗakin karatu aka haife ta ba.

A tsofaffin jami'o'in Turai irin su Bologna da Paris, da baki ake jarrabawa. Ɗalibi ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya karanta, su yarda ya isa ko su ce da saura. Jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe ya yi ƙarfi ne a Cambridge ta Ingila tun ƙarni na 18, a jarrabawar lissafi. Wanda ya zo kutal a cikin waɗanda suka ci, cokalin katako ake miƙa masa don zolaya, kuma sai a 1909 aka ba da na ƙarshe. A Amurka, shugaban kwalejin Yale, Ezra Stiles, ya kasa ɗalibansa gida huɗu a 1785, daga zaƙaƙurai zuwa koma-baya. Kwalejin Mount Holyoke kuwa tana cikin na farko da suka yi amfani da haruffa a 1897, daga A zuwa E.

Labarin yunit ya fi ban mamaki. Charles Eliot ya zama shugaban Harvard a 1869, ya shekara 40 a kujerar, kuma shi ya buɗe wa ɗalibai ƙofar zaɓen darussan da suke so. Kafin nan kowa abu ɗaya yake karantawa, don haka babu wahalar sanin wanda ya gama. Da wannan ya ɗauki tarihi, wancan ya ɗauki kimiyyar haɗa sinadarai, sai ofishin magatakarda ya shiga uku: da wane mudu za a auna cewa su biyun sun cancanci digiri iri ɗaya? Abin da ya fi sauƙin ƙirgawa shi ne sa'o'in zama a aji.

Sai kuɗi suka shigo. A 1905 attajirin ƙarafa Andrew Carnegie ya ware dala miliyan 10 don biyan fansho ga malaman kwalejoji. Gidauniyar da ya kafa ta ga dole ta tantance wace makaranta ce kwaleji ta gaskiya, sai ta gindaya sharuɗɗa a 1906. Ɗaya daga ciki, kada a ɗauki ɗalibi sai ya kawo yunit 14 daga sakandare, kowane yunit kuwa sa'o'i 120 ne na darasi ɗaya a shekara. Wa zai ƙi fansho? Makarantu suka bi sahu, ma'aunin ya zauna daram, sannan ya haura cikin jami'o'in kansu.

Daga Amurka ya bazu. Turai ta fito da nata mai suna ECTS a 1989, shekarar karatu ɗaya kiredit 60, wato yunit ɗinsu, kuma yarjejeniyar Bologna kan karatun jami'a da ƙasashe 29 suka sa wa hannu a 1999 ta ƙara masa ƙarfi. A Najeriya, bayan hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar da mafi ƙarancin ƙa'idojin karatu a 1989, tsarin yunit ya zama ruwan dare, amma ba a jefar da gadon Birtaniya ba. Shi ya sa ake lissafi irin na Amurka, a ƙarshe a rataya wa digiri suna irin na Ingila: 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba.

Lissafin ba shi da tausayi. Ɗalibi ya ci A, wato maki biyar, a kwas mai yunit uku, biyar sau uku maki 15 ke nan. Ya ci D, wato maki biyu, a mai yunit biyu, maki huɗu. A raba jimillar maki 19 da jimillar yunit biyar, 3.80. Idan kuma ya faɗi kwas a shekarar farko, lokacin da bai ma gama gane hanyar ɗakin lacca ba, a jami'o'i da yawa sifirin nan yana nan cikin lissafi ko da ya sake kwas ɗin ya ci. Yaro ya farga a aji uku, ya dage, amma tuntuɓen aji ɗaya na biye da shi har ranar yaye. A ganina nan ne tsarin ya fi zalunci, domin wanda ya fara da kyau ya lalace da wanda ya fara da rauni ya gyaru suna iya fita da lamba ɗaya, alhali kowane malami ya san ba ɗaya suke ba.

Adalci dai a faɗa, yunit ya yi rana. Da shi ɗalibi ke sauya jami'a ba tare da ya koma farko ba, da shi ake raba wa malamai aiki, a tsara jadawali, a san ɗakin da zai ɗauki wane aji.

Masu abin ma sun fara ƙorafi. A 2007 wani kwamiti a Birtaniya ƙarƙashin Farfesa Robert Burgess ya ce rabon digiri daraja-daraja ya daina biyan buƙata, ya ba da shawarar a riƙa bai wa ɗalibi cikakkiyar takardar abin da ya yi. An fito da takardar, darajojin kuma suna nan. A 2015 gidauniyar Carnegie da kanta ta fitar da rahoto, ta amsa cewa yunit lokaci yake aunawa, ba fahimta ba. Duk da haka ba ta ce a soke shi ba, saboda jadawali da aikin malamai da tallafin karatu duk a kansa aka jingina su.