Gilashi, Kabon ko Kevlar: Tambayoyi Kan Kayan Gina Gangar Jikin Jirgin Sama Ƙirar Gida

A Amurka dubban mutane ne suke ƙera ƙananan jiragen sama a garejin gidajensu, kuma doka ta amince musu muddin su ne suka yi fiye da rabin aikin, don neman ilimi ko nishaɗi. Ƙungiyarsu ta EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, tana tara su kowace shekara a garin Oshkosh na jihar Wiskonsin. Da yawansu da alminiyam suke aiki, amma waɗanda suka zaɓi haɗaɗɗen kaya na zare da danƙo sukan fara ne da tambayoyi irin waɗannan.

Yaya ake gina jikin jirgi da zare da danƙo?

Ana shimfiɗa yadin da aka saƙa da zaren gilashi ko na kabon, a jiƙa shi da danƙo mai ruwa, a bar shi ya daskare. Zaren ne yake ɗaukar nauyi, danƙon kuwa yana riƙe zaren a wurinsa yana rarraba masa nauyin, kamar yadda magina suke cuɗa ƙasa da ciyawa don kada bango ya tsage. A gangar jikin jirgi akan sa busasshen soso mai tauri a tsakiya, a lulluɓe shi da yadi ciki da waje, domin nisan da soson ya sa tsakanin fatun biyu shi ne yake hana bangon lanƙwashewa ba tare da ƙara masa nauyi mai yawa ba.

Burt Rutan, wani mai zana jirage, shi ne ya yaɗa wannan dabara a tsakanin masu ƙira a gida, da jirginsa VariEze na 1975 da kuma Long-EZ na 1979, inda mutum yake sassaƙa soson da hannunsa ya shimfiɗa masa yadi, ba tare da mazubi ba. Daga baya kamfanoni irin su Glasair da Lancair suka riƙa sayar da sassan jiki da aka riga aka zuba a masana'anta, mai saye ya harhaɗa.

Tunda kabon ya fi gilashi, me ya hana kowa amfani da shi?

Gaskiya ne zaren kabon ya fi zaren gilashi na yau da kullum ƙin lanƙwasa da kusan ninki uku, ga kuma rashin nauyi, domin dunƙulen kabon mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri bai wuce kimanin giram 1.8 ba, na gilashi kuwa ya kai giram 2.5. Da irinsa aka gina jirgin Voyager, wanda Dick Rutan da Jeana Yeager suka zagaya duniya da shi cikin kwana tara a Disambar 1986 ba tare da sun ƙara mai ba. Sai dai abin da ya dace da dogon fiffike ba lallai ne ya dace da jikin ƙaramin jirgi mai kujera biyu ba. Kaurin fatar irin wannan jirgi sau da yawa ba nauyin tashi ne yake ƙayyade shi ba, buƙatar ya jure wa gwiwar mai hawa da bugun tsakuwa ce, saboda haka nauyin da kabon zai rage kaɗan ne, alhali kuɗinsa ya ninka na gilashi.

Akwai wasu matsalolin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba. Kabon yana ɗaukar lantarki, don haka yana tare siginar rediyo, kuma eriyar da ake iya ɓoyewa a cikin jikin gilashi dole a fito da ita waje. Idan ya haɗu da alminiyam a wuri mai danshi, sai ya sa alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa, shi ya sa ake sa shimfiɗar gilashi a tsakaninsu. Sannan kabon baƙi ne, ido ba ya ratsa shi, alhali jiƙaƙƙen yadin gilashi yakan zama garai-garai, har mai aiki ya hango farin tabon da danƙo bai shiga ba ko iskar da ta maƙale, ya gyara tun kafin ya daskare. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa mai ginin farko ya tsaya kan gilashi.

Ina matsayin Kevlar?

Kevlar wani zaren roba ne da ake saƙa yadi da shi. Yana da wuyar hudawa da yagewa, don haka akan sa shi a ƙarƙashin jiki ko kewayen wurin zama. Amma ba ya jure dannewa, yana shan danshi, almakashi na yau da kullum ba ya yanka shi, idan kuma aka goge shi da samfefa sai ya tashi gashi-gashi. Kayan ƙari ne a wurare ƙalilan.

Wane danƙo ya kamata a zaɓa?

Nan ne ya fi cancanta a tsaya a yi tunani, domin danƙo ne yake fara gazawa. Foliyesta yana da araha kuma masu ƙera kwale-kwale sun saba da shi, amma yana tsukewa idan ya daskare, riƙonsa bai kai na sauran ba, kuma yana narkar da soson folistirin. Binil-esta ya fi shi, da shi Glasair ya yi suna. Mafi yawan masu gini a gida ifoksi suke amfani da shi, wanda ake haɗa ruwansa biyu bisa ƙayyadadden awo, da sikeli ko famfon awo, domin idan aka kuskure awon ba zai kai ƙarfinsa ba ko da ya yi tauri a hannu.

Babban abokin gabar ifoksi zafi ne. Wanda ya daskare a zafin ɗaki yakan fara laushi tun daga wajen digiri 50 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, jikin jirgi mai duhun fenti da aka ajiye a rana kuwa yana iya zarce haka. Wannan ne dalilin da ya sa kusan duk jiragen Burt Rutan farare ne. Ana ɗaga juriyar danƙon ta hanyar gasa sashen da aka gama a hankali na wasu sa'o'i, bisa umarnin kamfanin da ya yi shi. Wanda jirginsa zai zauna a ƙasar da zafin bazara yake haura digiri 40 a inuwa bai kamata ya tsallake wannan mataki ba.

Duk soso ɗaya ne?

A'a, kuma ruɗa su yana da haɗari. Folistirin yana yankuwa sumul da zazzafar waya, shi ya sa ake yin fikafikai da shi, amma fetur yana narkar da shi. Foliyuretan yana da sauƙin sassaƙa, sai dai ba a taɓa shi da zazzafar waya saboda hayaƙinsa guba ne. Soson PVC, irin su Divinycell, yana jure fetur da matsi, don haka ake yawan ganinsa a bangon jiki da tankin mai.

Mutum zai iya sauya kayan da zanen jirgin ya ambata da wanda yake ganin ya fi?

Doka ba ta cika hanawa ba, amma bai kamata ba sai da lissafin injiniya da gwaji. Mai zanen ya ƙayyade yawan shimfiɗa da inda zaren kowace zai fuskanta, misali kusurwar digiri 45 a bangon jiki don ya jure murɗewa. Idan aka cusa kabon a tsakiyar gilashi, kabon ɗin da ya fi tauri shi zai janye nauyin duka zuwa kansa, ya karye tun gilashin bai fara aiki ba. Haka nan ƙara shimfiɗa da sunan ƙarin ƙarfi, musamman wajen wutsiya, yana gusar da daidaiton nauyin jirgin zuwa baya, abin da yake iya hana matuƙi dawo da shi idan fikafikai suka daina ɗauka.

Ta yaya mai gini zai tabbatar aikinsa ya yi kyau?

Yana fara gwaji a kan ƙananan yankuna, ya auna su a sikeli, domin a aikin hannu nauyin danƙo bai kamata ya zarce na yadin da yawa ba. Daga kowane kwaɓi yakan bar ɗan saura a kofi, washegari ya karce shi da wuƙa ya ga ko ya daskare yadda ya dace. Bayan sashe ya bushe sai ya bi shi yana ƙwanƙwasawa da kwabo: inda fata ta manne da soso ƙarar takan fito ƙwal, inda ta rabu kuwa sai a ji ta dushe, a zana wurin da fensir a buɗe shi. Kuma duk wannan da safar hannu da abin rufe hanci ake yinsa, saboda ifoksi yana sa wasu mutane borin jini, wanda idan ya kama mutum yakan dawo duk lokacin da ya sake taɓa danƙon, har ya tilasta masa ajiye jirgin bai kammala ba.