Ƙal'atul Hisn ta Siriya: tambayoyin da kuka ƙi daina yi mini

Duk shekara in muka iso darasin yaƙe-yaƙen Salibiyya, tambayoyin nan ne dai ke dawowa a kan Ƙal'atul Hisn, tsohon ginin yaƙin nan na dutse mai ganuwa biyu, sai ka ce kun haɗa baki. Ga amsoshin a rubuce. Wanda ya sake tare ni a bakin aji, nan zan turo shi.

Salahuddin ne ya gina ta?

A'a. Bai gina ta ba, bai kuma ci ta ba. Ya zo a 1188, ya ƙare wa ganuwar kallo, ya wuce abinsa. Don Allah ku daina jingina masa kowane dutse da ke ƙasar Sham.

Fadar sarki ce?

Sansanin soja ne. A lokacin da take ganiyarta, mayaƙa kimanin 2,000 ke ciki.

A ina take?

Kimanin kilomita 40 yamma da Homs, a kan tudu mai tsayin mita 650. Aikinta tsare mashigar da ta ratsa duwatsu daga Homs zuwa bakin teku. Sauran ku duba taswira.

To wa ya gina ta?

A 1031 sarkin Halab ya zaunar da sojojin Kurdawa a kan tudun, shi ya sa aka fara kiranta Hisnul Akrad. Wajen 1142 mai mulkin Tarabulus ta Lebanon, Raymond na biyu, ya miƙa ta ga 'yan Hospitaller, ƙungiyar mayaƙan Kirista da ta samo asali daga jinyar masu ziyara a Ƙudus. Su ne suka yi mafi yawan abin da ke tsaye yau. Turawa na kiranta Krak des Chevaliers. Kada sunan ya tsorata ku, ba zan rage wa kowa maki ba don ya kasa furta shi.

In mutum ya je, yaya zai bambance ginin 'yan Salibiyya da na Musulmi?

Yauwa, wannan ita ce tambaya, sai dai ku yi haƙuri, amsar ba ta miƙe ba. Abin da aka saba faɗa shi ne zagayayyar hasumiya ta Turawa ce, mai kusurwa huɗu kuma ta Mamalik, wato sarakunan Musulmi na Masar da Sham da suka ci ta daga baya. Wani lokaci haka ne: ƙatuwar hasumiyar nan mai kusurwa huɗu a ganuwar kudu aikin zamanin Sarki Ƙalawun ce, a 1285. Amma Mamalik ma sun sake tayar da zagayayyu a inda yaƙi ya rushe, don haka kada ka rantse. Rubutu ya fi siffa amana. In ka ga rubutun Larabci da zaki a gefe da gefe, alamar Baibars ce, sarkin Mamalik da ya ci ta. Shi ma fa da sauran magana, domin ana iya dasa rubutu a jikin tsohon bango. Ganuwar ciki ta girmi ta waje. An sake ta bayan girgizar ƙasar 1170, ta waje kuma ta zo bayan girgizar 1202. Barandar da ke gaban babban zaure, mai bakuna masu tsini da ado irin na majami'un Faransa, wannan ta Turawa ce ba ja. Majami'ar kuwa ita ke rikita baƙo: ginin na Kirista ne, mihrabi da mumbarin na Musulmi, domin masallaci aka mayar da ita. Ƙari a kan haka, talakawa sun yi zama a ciki har Faransawa suka tashe su a shekarun 1930 suka yi gyara, yaƙin Siriya kuma ya ƙara nasa taɓon kafin sojojin gwamnati su ƙwace ta a 2014. Wani dutsen bai kai shekara ɗari a wurinsa ba.

Ina suke samun ruwa?

Rijiyoyin tara ruwan sama, da babban tafki tsakanin ganuwa biyun ta kudu, wanda magudana ke cika shi daga waje.

In tana da ƙarfi haka, yaya ta faɗi?

Ta kudu, inda tudun ya haɗe da tsauni. A watan Maris na 1271 Baibars ya kafa majaujawa, mutanensa suka haƙe ƙarƙashin wata hasumiya ta ganuwar waje har ta zube. Na ciki suka sallama ranar 8 ga Afrilu. An ruwaito cewa wasiƙar jabu aka aika musu da sunan shugabansu, tana ba su izinin miƙa wuya, aka kuma bar su suka fita da ransu.

Zai fito a jarrabawa?

Ku karanta dai.