Wai da gaske kifin teku zai iya ƙarewa? Tambayoyi da amsoshi

Teku fa ake magana ba kududdufi ba, ta yaya kifi zai ƙare?

Ruwan ne ba ya ƙarewa, amma kifi kam yana ƙarewa tas. Lissafin kamar na garke ne, in kana yanka fiye da abin da dabbobin ke haifa, wata rana turke kawai za ka tarar. A gaɓar Newfoundland ta Kanada an yi kusan shekara 500 ana kamun kifin kod ba a ga ƙarshensa ba, sai da manyan jirage masu injin suka shigo, a 1968 kaɗai aka kwashe wajen tan dubu 800. Zuwa watan Yulin 1992 dole gwamnati ta rufe kamun, aka ce na shekara biyu ne, mutum wajen dubu 30 suka rasa aiki, kuma ba a ɗage rufewar a hukumance ba sai 2024, shi ma tan dubu 18 kacal aka yarda a kama. Shekara biyu ta koma 32 kenan. Yanzu haka hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da kashi ɗaya cikin uku na rukunan kifin teku da take bibiya ana kama su fiye da kima.

Toh laifin waye, mai kwale-kwale ko mai katon jirgi?

Gaskiya ni dai na fi ɗora wa manyan jirage, musamman masu jan raga a ƙasan teku, suna tafe suna share komai kamar greda, ciyawar ruwa da murjani da ƙananan kifi da kunkuru, abin da ba sa so kuma su watsar da shi matacce. Da yawansu ma ba don tallafin mai da gwamnatocinsu ke ba su ba, da tafiyar ba za ta biya ba, shi ya sa a 2022 ƙungiyar ciniki ta duniya ta cimma yarjejeniyar hana tallafa wa masu kamun sata. Amma ƙaramin masunci ma ba a wanke shi ba, mai saka raga mai ƙananan idanu yana kwashe 'ya'yan da ba su taɓa yin ƙwai ba, balle mai jefa nakiya ko zuba guba.

Ba doka ne a teku?

Akwai, a takarda. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa iko da kifin da ke cikin mil 200 daga gaɓarta. Matsalar ita ce wa zai yi gadi? Ƙasar da jirgin sintirinta biyu ne, ɗaya ma ba mai, ɓarawo kuma ya kashe na'urar da ke nuna inda yake ya juye kayan wa wani jirgi a tsakiyar ruwa da dare. Shi ya sa aka koma tare su a tashar jiragen ruwa, tun 2016 akwai yarjejeniyar da ta ba ƙasa damar hana jirgin da ake zargi sauke kifi.

Wannan rufe wani sashe na ruwa da ake yi, yana aiki kuwa?

Yana yi sosai, in mutanen wurin ne suka yarda suke gadi da kansu. A Cabo Pulmo ta Meziko masuntan ƙauyen ne da kansu suka nemi a killace wurin, aka yi a 1995, da masu bincike suka auna tsakanin 1999 da 2009 sai suka ga yawan kifin ya ninka fiye da sau huɗu. Sirrin shi ne kifi in ya samu ya tsufa, babbar uwa ɗaya tana zuba ƙwai fiye da ƙanana masu yawa, kuma kifi bai san iyaka ba, in wuri ya cika sai ya malalo waje inda raga ke jira. Amma killacewar da aka zana a ofis aka turo, wlh yawanci a taswira take tsayawa.

To masunci me zai ci kafin kifin ya dawo?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma duk mai wa'azin kare teku da bai amsa wannan ba surutu yake. Ba za ka ce wa mai iyali ya jingine raga shekara goma ba. Dabarar da aka yi a ƙauyen Andavadoaka na Madagaska a 2004 ta burge ni, ba su fara da rufe komai ba, wani yanki kaɗan suka hana kamun oktofus, wannan halitta mai hannuwa takwas, na 'yan watanni kawai, saboda tana saurin girma ba kaɗan ba. Ranar buɗewa kowa ya ga girman abin da ya kamo da idonsa, sai ƙauyukan maƙwabta suka fara cewa su ma a yi musu, daga baya ne aka iya zama da su kan maganar killace wasu wuraren na dindindin da barin sare itatuwan bakin teku inda 'ya'yan kifi ke fakewa.