Me ke sa jijiyar zuciya ta sake tsukewa bayan an saka mata raga?

Me ake nufi da sake tsukewar jijiya?

Idan kitse ya toshe ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke kai wa tsokar zuciya jini, likita kan zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya, ya buɗe wurin da ɗan balan-balan, sannan ya bar wata ƙaramar ragar ƙarfe da ake kira sitent domin ta tokare bangon jijiyar. Wannan buɗewar takan ji wa bangon rauni, jiki kuwa da tabo yake warkar da rauni. Idan naman tabon ya yi yawa har ya cinye rabin faɗin hanyar ko fiye, to jijiyar ta sake tsukewa, kuma hakan ya fi faruwa cikin shekarar farko bayan aikin.

Yaya yawan faruwarsa yake?

Bayan da likita Andreas Grüntzig ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a birnin Zurich a 1977, jijiyoyin mutum 30 zuwa 50 cikin 100 da aka yi wa aikin da balan-balan kaɗai sukan sake tsukewa. Ragar ƙarfe zalla, wadda aka fara saka wa ɗan Adam a 1986, ta sauko da adadin zuwa kamar 20 ko 30. Ragar da ake shafa wa magani irin su sirolimus, wadda ta shigo daga 2002, ta mayar da shi ƙasa da 10, domin maganin yana hana naman tabon tofowa.

Wane mai jinya ne ya fi shiga haɗari?

Mai ciwon suga ne kan gaba, musamman wanda ke allurar insulin. Jijiyoyinsa sukan fi siranta, toshewar takan bi su da tsawo, kuma jikinsa yakan zafafa wajen yin tabo. Mai ciwon ƙoda da ya daɗe, balle wanda ake yi wa wankin ƙoda, yana biye da shi, haka ma wanda ya taɓa samun tsukewar a baya.

Yanayin jijiyar kanta fa?

A nan ma akwai babban haɗari. Jijiyar da faɗinta bai kai milimita 3 ba ta fi saurin cikewa, kamar yadda ƙasa kaɗan kan toshe siririn magudanar ruwa alhali babba ba ta ma san ta shiga ba. Haɗarin yana ƙaruwa idan toshewar mai tsawo ce har aka jera raga biyu ko uku, ko tana daidai inda jijiya ta rabu biyu, ko bangon ya ƙandare ya yi tauri.

Aikin likita yana da hannu a ciki?

Ƙwarai kuwa, kuma a ganina wannan ne ya fi cancantar a kula da shi tunda ana iya kauce masa. Ragar da ba ta buɗe sosai ba tun ranar da aka saka ta tana cikin manyan dalilan dawowar matsalar. Shi ya sa ake zura na'urar hoto cikin jijiyar a auna faɗinta kafin aiki, a kuma tabbatar ragar ta manne da bango bayansa.

Asfirin da kulofidogirel suna hana tsukewar?

Waɗannan magunguna ne da ake ba wanda aka saka wa raga, amma aikinsu daban ne. Suna hana jini daskarewa a kan ragar, wanda ke toshe jijiya farat ɗaya ya jawo bugun zuciya mai kisa, saboda haka kada a daina shan su sai da izinin likitan zuciya. Abin da ke hannun mai jinya shi ne daidaita suga da hawan jini, shan maganin rage kitsen jini, da barin taba.

Da wace alama ake gane ta dawo?

Yawanci ciwon ƙirji ko haki yayin tafiya ko hawa bene, irin wanda aka sani kafin aikin, shi ke dawowa a hankali. Mai ciwon suga yana iya jin gajiya da haki kawai ba tare da ciwo ba. Idan gwaji ya tabbatar, akan sake buɗe wurin da balan-balan mai magani, ko a ƙara wata raga, ko a yi tiyatar kewaye wurin da wata jijiya.