Ku Daina Cinna wa Fadama Wuta

'Yan'uwana masu lambu a bakin kogin Dilimi da masu noman rani a gefen tafkunan kuza na Bukuru da Barikin Ladi, ina yi muku sallama, kuma ina tafe da ƙorafi. Duk shekara da ruwa ya ɗauke, sai manomi ya same ni da kukan da ya yi mini bara: kabeji ya ƙi naɗewa, ganyen masara ya yi rawaya tun daga na ƙasa, an zuba yuriya amma kamar ba a zuba ba. Idan na bi shi gonar, abin da nake tararwa bai taɓa canzawa ba, wato baƙin tabo inda aka tara kara da ciyawa aka ƙyasta musu ashana.

A Neja Delta, inda ruwan kogi yake haɗuwa da na teku, akwai dazukan itatuwan da saiwarsu ke tsaye cikin laka, kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya yawansu a Afirka. Masu binciken ƙasa sukan kafa bututu cikin lakar har zurfin mita ɗaya, su zaro ta, su yayyanka ta hawa-hawa, su busar, su auna nauyinta, sannan su gwada kabon (sinadarin da ruɓaɓɓen ganye da saiwa ke barin wa ƙasa) da naitirojin (abincin shukar da ke cikin yuriya) da ke cikin kowane hawa. Suna samun ajiya mai yawa, domin ganye da saiwar da suka nutse inda iska ba ta shiga ba sa ruɓewa da wuri, sai su yi ta taruwa tsawon ɗaruruwan shekaru. Abin da ya sa ƙasar fadamarmu ta fi ta tudu baƙi ke nan, ko da yake tamu ba ta kai waccan ba.

Lissafin iri ɗaya ne a nan Jos. Hekta ɗaya, idan aka ɗauki santimita 30 na sama, ƙasarta takan kai nauyin tan 3,900. Idan kashi 1 cikin 100 nata kabon ne, kana da tan 39, naitirojin kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma na wannan, kusan tan 4. Buhun yuriya mai kilo 50 naitirojin kilo 23 kawai ke cikinsa. Ƙasar ba ta sakin ajiyarta gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan take ba shuka kowace shekara, amma rumbu ne, kuma kara da ciyawar da kuke ƙonawa su ne damman da ya kamata a mayar cikinsa.

Na san amsarku: toka ma taki ce. Gaskiya ne toka tana riƙe fotash, wanda shi ma abincin shuka ne, amma mafi yawan naitirojin hayaƙi yake bi ya tafi, kabon ma haka, sannan a bar ƙasa tsirara iskar hunturu ta kwashi tokar. Haba jama'a! Mutum ya ƙona takin da Allah ya ba shi kyauta, ya je kasuwa ya ciwo bashin na saye, ya dawo yana cewa ƙasa ta gaji? Ba na raina wahalarku. Na san kuɗin ƙwadago ya yi tsada, na san tsoron maciji da ƙwari, na kuma san wuta tana share gona cikin yammaci ɗaya. Amma ku tona ƙasar da ake ƙonawa duk shekara ku matse ta a hannu, ku duba ko za ku ga tana ko ɗaya, ku zuba mata ruwa ku ga yadda yake gudu ta sama. Wutar nan dai ita ce matsalar, kuma ba zan gaji da faɗa ba.

Ku sassare kara ku shimfiɗa a kan kunya, ko ku binne shi makonni kafin dashe domin ya fara ruɓewa. Wanda ya yi yawa a tara shi a rami da kashin shanu ko na kaji, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Shukar da cuta ta kama ce kaɗai za a cire a ƙona a wajen gona. A sa wake ko waken soya cikin juyin shuka. Mai son sanin halin gonarsa kuma ya ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban a zurfi ɗaya, ya gauraya a bokiti mai tsabta, ya shanya a inuwa, ya kawo wa malamin gona kimanin rabin kilo a kai ɗakin gwaji, amma kada ya ɗebo daga gurbin toka ko kusa da juji.