Iya zana gini a Revit ba shi ne sanin BIM ba

An daɗe ana ɗaukar BIM (Building Information Modelling, tsara gini a kwamfuta tare da bayanansa) a matsayin manhajar zane ta AutoCAD da aka yi wa kwalliya, wato zanen gini mai fuska uku kawai. Da wannan tunanin ɗalibai da yawa ke buɗe littafin koyon manhajar BIM irin su Revit ko ArchiCAD. Su karanta babin bango, ƙofa da rufi, da zarar hoton ya yi kyau sai su rufe littafin.

A zanen AutoCAD na gargajiya, manhajar da ta fito a 1982, bango layuka biyu ne, kwamfuta ba ta san me suke nufi ba. A BIM kuwa bangon yana ɗauke da bayanansa: kaurinsa, tsayinsa, da kayan da za a gina shi da su. Ka matsar da taga a taswirar bene, nan take za ta matsa a zanen fuskar ginin, jadawalin tagogi ma ya gyara kansa idan ka canza girmanta. ArchiCAD ta kama wannan hanya tun shekarun 1980, Revit ta fito a 2000, kamfanin Autodesk ya saye ta a 2002.

Abin da ke damuna shi ne, babukan da ake tsallakewa su ne ainihin aikin: lissafin kayan gini, gano inda bututu ya ci karo da ginshiƙi tun kafin a zuba kankare, da fitar da fayil a tsarin IFC domin injiniya mai wata manhajar ya iya buɗewa. Ƙa'idar ISO 19650 ta 2018 ma kan tafiyar da bayanan gini take magana, daga zane har zuwa lokacin da ake amfani da ginin.